Gargaɗi ga 'yan'uwanmu masu fita gudun tsauni da hunturu a ƙasashen sanyi

Wannan gargaɗi ne ga yaranmu da ƙannenmu da ke karatu ko aiki a Ingila, Kanada, Amurka, Jamus, Rasha, Turkiyya da Sin, musamman waɗanda suka shiga ƙananan ƙungiyoyin gudu na unguwa ko na jami'a, irin waɗanda ake haɗuwa da safiyar Asabar a zaga gari, a tashi da shan shayi. Da zarar sanyi ya kama, irin waɗannan ƙungiyoyi sukan fara shirya fita bayan gari, a hau tsauni, a bi turbar daji, wasu har su yi rajistar tseren da ya zarce gudun famfalaƙi, wato abin da ya haura kilomita 42, zuwa 50 ko 80 ko 100. Duk wanda aka gayyata irin wannan fita a bana, kada ya amsa sai ya karanta wannan har ƙarshe. Iyaye da ke gida kuma, ku tura musu, sannan ku kira ku ji daga bakinsu.

Ranar 22 ga Mayu, 2021, mutum 172 suka tashi tseren kilomita 100 a wani yankin duwatsu da ke gefen Rawayen Kogi, a gundumar Jingtai ta lardin Gansu, ƙasar Sin. Da ƙarfe tara na safe aka tashi, yawancinsu da gajeren wando da 'yar riga marar nauyi. Wajen azahar gari ya juya. Iska mai ƙarfi ta taso, ruwa mai sanyin tsiya ya sauko haɗe da ƙanƙara, daidai lokacin da na gaba-gaba suke tsakanin tasha ta biyu da ta uku, inda hanya ke hawa kusan mita 1,000 cikin kilomita takwas. Mota ba ta iya zuwa wurin. Tasha ta uku babu abinci, babu mafaka. Ba a wajabta wa kowa ɗaukar rigar tare iska ba, don haka da yawa sun aika tasu gaba, zuwa wata tasha mai nisa da suke sa ran isa da dare. Siririn bargon nan mai ƙyalli da ake ninkewa a aljihu, iska ta yayyaga na wasu, ta fizge na wasu. An tura masu ceto fiye da 1,200. Da gari ya waye, gawa 21 aka ƙirga.

Ku duba su wa suka mutu. Akwai Liang Jing, wanda yake cikin gwanayen dogon gudu na ƙasar gaba ɗaya, wanda ya taɓa cin tseren kilomita 400 a hamadar Gobi. Akwai Huang Guanjun, kurma, zakaran famfalaƙi a gasar masu buƙata ta musamman ta ƙasar. Cikin mutum shida da ke kan gaba, ɗaya kaɗai ya rayu, shi ma don wani makiyayi mai suna Zhu Keming ya tsince shi a sume ya kai shi wani kogo da yake fakewa, ya hura wuta. Makiyayin nan mutum shida ya ceta a ranar. Bayan abin ya faru gwamnatin Sin ta dakatar da irin waɗannan tsere, ta hukunta jami'ai 27.

Wannan fa a watan Mayu ne, ba da hunturu ba. Kuma tsere ne mai masu shiryawa, da tasoshi, da na'urar bin sawu a jikin masu gudu. To ina ga fitar 'yan kulob mutum goma a watan Janairu, wadda aka ƙulla a WhatsApp daren Juma'a?

Abin da nake so kowa ya fahimta shi ne, ƙungiyar gudu ta sha'awa taron abokai ce. Mutanen kirki ne, za su yi maka maraba, za su ba ka wuri a mota. Amma babu wanda ya ɗauki amanar ranka a cikinsu. Mai jagora sau da yawa shi ne kawai wanda ya fi kowa sanin hanya ko ya fi kowa sauri. Ba lallai ya san agajin gaggawa ba, ba lallai ya ƙirga mutane a kowace mararraba ba, kuma ba zai buɗe jakarka ya ga abin da ka ɗauko ba, domin a al'adarsu shiga sha'anin babban mutum rashin ladabi ne. In ya ce maka fitar mai sauƙi ce, gaskiyarsa ya faɗa: mai sauƙi ce ga wanda aka haifa a cikin wannan sanyi, wanda tun yana yaro uwarsa ta koya masa jera tufafi uku. Kai kuwa baƙo ne, kuma baƙo ko da idonsa makaho ne.

Kada hunturunmu ya ruɗe ku. Wanda ya yi sanyin Jos ko na tsaunin Mambila ko na Agadas yakan ɗauka ya san sanyi. Ɗarin da muka sani busasshe ne, yana fasa leɓe da diddige, rana na ɗagawa ya saki. Wanda ke kisa a tsaunukan Turai jiƙaƙƙe ne, tafe da iska, kuma ba sai dusar ƙanƙara ta sauka ba. A watan Maris na 1964, a tsaunukan Peak District da ke tsakanin Manchester da Sheffield, 'yan sikawut uku suka mutu a wata gasar tafiyar ƙafa saboda ruwa da iska sun same su a fili. Wannan ne ya sa likita Griffith Pugh, wanda ya yi aiki da tawagar da ta fara hawa Everest a 1953, ya binciki tufafin da suka sa, ya nuna cewa da zarar sun jiƙe kuma iska ta buga su, kusan ba sa tsare komai. Waɗannan tsaunuka su ne ɗalibanmu na Manchester da Sheffield ke shiga jirgin ƙasa su je yawon ƙarshen mako. Ba su da tsawo sosai, shi ya sa ake raina su.

Ga yadda abin yake kama mutum. Zafin jikin ɗan Adam digiri 37 ne a ma'aunin Salshiyas. Muddin kana gudu, tsokarka na hura maka wuta, har ka ji rigar sama ta dame ka. Kana gumi, rigar ciki ta jiƙe. Ruwa kuma yana kwashe zafin jiki fiye da iska sau ashirin da wani abu. Kamar randar ƙasa ce: danshin da ke jikinta, in iska ta busa, shi ke sanyaya ruwan da ke ciki. Kana ƙara hawa, sanyi na ƙaruwa, wajen digiri shida a kowace mita 1,000, iska kuma ta fi ƙarfi a sama. Duk wannan jiki zai jure har zuwa lokacin da wani abu ya rage maka sauri: targaɗe, ko ɓatan hanya, ko hawa mai tsayi da ba ya gudanuwa, ko abinci ya ƙare a jiki, ko kuma ka tsaya jiran abokin da ya gaji. Nan take wutar ta mutu, jiƙaƙƙiyar riga kuma tana nan. Cikin ɗan lokaci zafin jiki ya sauka ƙasa da 35, kuma daga nan ka shiga haɗari. Shi ya sa gwanaye ne suka fi mutuwa a Gansu. Sun fi kowa sauƙin kaya, sun fi kowa nisa a kan tsauni lokacin da gari ya ɓaci. Haka aka yi a Jamus a watan Yulin 2008, inda mutum biyu suka mutu a tseren hawa tsaunin Zugspitze bayan dusar ƙanƙara ta sauko musu a tsakiyar bazara. A jihar Utah ta Amurka kuwa, a Oktoban 2021, sai da aka kwaso mutum 87 daga kan tsauni a tseren mil 50, Allah ya taƙaita babu wanda ya rasu.

Mugun halin wannan sanyi shi ne hankali yake fara ci. Da fari mutum zai yi ta rawar ɗari, yatsunsa su kasa zuge zif ko buɗe ledar abinci. Sai ya fara tuntuɓe, maganarsa ta yi nauyi, ya yi shiru ko ya riƙa faɗa ba dalili. In ka tambaye shi zai ce lafiyarsa lau, kuma har zuciyarsa haka yake ji. In zafin jiki ya sauka wajen 32, rawar ɗarin ma sai ta tsaya. Wanda bai sani ba sai ya ce ya samu sauƙi, alhali jiki ne ya gaza. Daga nan sai barci ya riƙa fizgarsa, ya nemi a bar shi ya ɗan kishingiɗa. Wasu har tuɓe tufafi suke yi, suna jin kamar zafi ya dame su. Don haka ba kai ne za ka gane kanka ba. Sai na kusa da kai, in akwai shi, in kuma ya san abin da yake gani.

A nan ne kunyarmu take zama bala'i. An tarbiyyantar da mu kada mu zama nauyi ga mutane, kada namiji ya nuna gazawa, kada baƙo ya ɓata wa masu gida shiri. Yaro shi kaɗai ne baƙar fata a cikin ƙungiya, ba ya so a ce shi ya sa aka juya. Sai ya ce musu su yi gaba zai iso. Su kuma su ɗauki maganarsa yadda ya faɗe ta, su wuce. Ina roƙonku da girman Allah, kada wannan kalma ta fito daga bakinku a kan tsauni da hunturu. In ka ji sanyi ya shige ka, faɗi da wuri, da babbar murya, ka ce kana so a sauka kuma ba za ka sauka kai kaɗai ba. Babu ƙungiyar kirki da za ta ƙi. Wadda ta ƙi, ka gode wa Allah da ya nuna maka su tun kana iya tafiya da ƙafarka.

Akwai kuma abubuwan da suka shafe mu fiye da abokan gudunmu, waɗanda su ba za su tuna su faɗa maka ba. Binciken da aka yi a rundunonin sojan Birtaniya da na Amurka ya nuna cewa sojoji 'yan asalin Afirka sun fi saurin samun raunin sanyi a yatsun hannu da na ƙafa. Ga shi alamun da ake koyarwa a littattafan ƙasashen nan, wato fata ta yi ja ko ta yi fari fat, ba sa fitowa sarai a baƙar fata. Kai abin da za ka lura da shi shi ne yatsa ko kunne ko hanci ya mutu ba ka jin sa, ya yi tauri, ya yi toka-toka. Sannan batun sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da AS. Yawancinsu suna motsa jiki lafiya ƙalau, amma in aka haɗa wahala mai tsanani da ƙishirwa da hawa wuri mai tsawo, akan samu tsoka ta narke ta toshe ƙoda, ko saifa ta kamu da ciwo mai tsanani. Wanda bai san ko yana ɗauke da AS ba ya je a gwada shi kafin ya yi rajistar kowane dogon tsere, ya kuma gaya wa likita abin da yake shirin yi. Mai SS ko SC kuwa, sanyi kansa yana tayar masa da ciwo, wannan fita ba tasa ba ce. Mai asma ya sani busasshiyar iska mai sanyi tana shaƙe ƙirji, kada ya fita ba tare da abin shaƙarsa a aljihun ciki ba.

Azumi ma ya shigo zancen. Watan Ramadan yanzu yana faɗowa ne a Fabrairu da Maris, kuma kowace shekara yana matsowa baya da kwana goma sha ɗaya, wato shekaru masu zuwa tsakiyar hunturun ƙasashen nan zai riƙa kamawa. Yini gajere ne, ƙishirwa ba ta da yawa, sai mutum ya ga ai zai iya. Amma abinci shi ne itacen wutar da ke ɗumama ka, rawar ɗari kanta da abinci take aiki. Mai azumi, na farilla ko na Litinin da Alhamis, ya yi gudunsa gajere a cikin gari kusa da buɗa-baki, ya bar tsauni. Haka alwala: kada ka cire takalmi ka zuba wa ƙafarka ruwan rafi a cikin iska. Tambayi malami tun kana gida game da shafa a kan huffi da taimama, ka fita da alwalarka. 'Yan'uwa mata, hijabin auduga in ya sha gumi sanyi yake riƙewa a kai da wuya. Ku nemi na wasanni mai saurin bushewa, ku ɗauki wani busasshe a leda.

Auduga dai gaba ɗaya a bar ta a gida: singileti, safa, wandon jins, duk. A jikin fata a sa ulu ko yadin wasanni mai fitar da gumi, a bisansa riga mai ɗumi, a waje kuma riga da wando masu hana ruwa da iska, rigar mai hula. A jaka, cikin ledar da ruwa ba ya shiga, a sa wata riga mai kauri wadda ba za a taɓa ta ba sai an tsaya, da hular sanyi da safar hannu guda biyu. Maimakon bargon ƙyalli, a sayi irin na buhu wanda mutum ke shiga ciki gaba ɗaya, iska ba ta ɗauke shi kuma ba shi da tsada. A ɗauki usur, da abinci fiye da wanda ake zaton za a ci: dabino, gyaɗa, cakulan, da shayi mai sukari a filas. In akwai ƙanƙara a ƙasa, akwai ƙananan ƙarafa masu haƙora da ake ɗaurawa a ƙarƙashin takalmi. Ma'aunin kayan da za ka ɗauka ɗaya ne: in ƙafarka ta karye ka zauna wuri ɗaya awa uku ko huɗu kana jiran masu ceto, abin da ke bayanka zai riƙe ka? In amsar a'a ce, ba ka shirya ba, ko da sauran duk sun fito da 'yar riga.

Fitilar goshi dole ce, da batir na ko-ta-kwana, ko da da safe za a fita. Jikinmu ya saba magariba tana yi wajen ƙarfe shida ko bakwai duk shekara. A arewacin Ingila da Sikotland, a watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, in da hazo duhu ya riga haka. Waya kuma kada a dogara da ita kaɗai. Sanyi yana shanye batir farat ɗaya, kuma kwari da yawa babu sabis. A sa ta a aljihun da ke jikin ƙirji, a sauke taswirar wurin tun a gida, a riƙe ta takarda da kamfas, a kuma koyi aiki da su kafin ranar.

Abu biyu da masu dogon gudu kan yi wa kansu illa da su. Na farko, haɗiyar maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac a tsakiyar tsere, wanda mu ma mun saba sha kamar alewa. A jikin da ya wahala, suna iya taɓa ƙoda. In bayan gudu fitsarinka ya yi duhu kamar baƙin shayi, ko ya ɗauke, asibiti za ka nufa a ranar. Na biyu, ɗirkar ruwa zalla ba ƙaƙƙautawa har gishirin jini ya tsinke, abin da ke kawo ciwon kai da amai da ruɗewa, har da mutuwa. A sha gwargwadon ƙishirwa, a ci abu mai gishiri.

In abokin tafiya ya nuna alamun da na faɗa, a tsaya nan take, kada a ce bari a kai wancan tudun. A kai shi bayan dutse ko katanga inda iska ba ta bugu. A shimfiɗa jakunkuna a ƙarƙashinsa, domin ƙasa tana zuƙe zafi fiye da yadda ake zato. In akwai busassun tufafi da mafaka a canja masa, a rufe kansa da wuyansa, a sa shi a buhun, a matso jikinsa. In yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, a ba shi abin sha mai ɗumi da zaƙi. Ba a ba shi giya, ko da wani cikin ƙungiyar ya miƙo da kyakkyawar niyya. In rawar ɗari ta tsaya ko ya fara sambatu, kada a tilasta masa tafiya, kada a jijjiga shi ko a murza masa hannu da ƙafa. A kwantar da shi a hankali, domin zuciyar da ta yi sanyi ƙaramar girgiza na iya rikita bugunta. Yatsan da ya daskare kuma ba a murza shi, ba a kai shi bakin wuta ko jikin hita, tunda ba ya ji, ƙonewa zai yi. Da ruwa mai ɗumin jiki ake narkar da shi, digiri 37 zuwa 39, kuma sai an tabbata ba zai sake daskarewa ba.

A kira agaji da wuri. A Birtaniya 999 ne, ka nemi 'yan sanda, sannan ka ce masu ceton tsauni kake so. 'Yan sa-kai ne, ba sa karɓar kuɗi, kuma sun fi son a kira su da sauran haske. Akwai tsarin aika saƙon tes zuwa 999 inda sabis ya yi rauni, amma sai ka yi rajistar lambarka tun kafin ka fita. A ƙasashen Tarayyar Turai da Turkiyya da Rasha 112 ne, a Amurka da Kanada 911. Kada tsoron takardun zama ko kunyar a ji labari a gida ya sa ka jinkirta. In waya ta mutu, busa usur sau shida, ka dakata minti ɗaya, ka sake. Da fitila ma haka ake yi.

Ba cewa nake ku bar gudu ba. Yana gyara jiki, yana rage kewar gida, kuma ta nan da yawa suka sami abokai a ƙasar da samun aboki ke da wuya. Akwai masu yin tseren Spine Race na kilomita 431 a kan tsaunukan Ingila a watan Janairu, wanda Jasmin Paris ta ci a 2019 ta bar maza duka a baya. Amma a can ana buɗe jakar kowa a duba kayansa kafin a bar shi ya tashi, ana bin sawunsa dare da rana, kuma masu shiga sun yi shekaru suna koyon tsauni. Wanda wannan ne hunturunsa na farko ko na biyu, ya tsaya a turbar da ke kusa da gari, da rana, awa ɗaya ko biyu. Dogon tsere ya bari sai bazara.

Kafin ka shiga motar kowa, tambayi mai jagora: kilomita nawa ne, hawa nawa ne, wa zai tsaya a baya ya tabbata ba a bar kowa ba, ta ina ake sauka in gari ya ɓaci, kuma ƙarfe nawa za a juya ko an kai ko ba a kai ba. Ka duba hasashen yanayi na kan tsaunin da kanka, ba na garin da ke gindinsa ba. In amsoshin ba su fito sarai ba, ko hasashen ya nuna iska da ruwa, ka zauna. In za ka tafi, rubuta wa wani da ke garin sunan wurin, da hanyar da za ku bi, da lokacin dawowa, ka gaya masa in lokacin ya wuce da awa ɗaya bai ji ka ba, ya kira lambar agaji ba tare da ya jira safiya ba. Shugabannin ƙungiyoyin ɗalibanmu da limaman masallatanmu na can, ku karanta wannan a taron Juma'a mai zuwa, kafin Asabar.